Filin Likitan Fisiyo: Horar da Ɗalibi a Ɗakin Masu Shanyewar Jiki da Raunin Laka

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk hanya ɗaya suka bi. Ɗaliban fisiyo (jinya ta hanyar motsa jiki) ne da malamansu ke tambaya kan aikin ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyin saƙo: masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda lakarsu ta samu rauni, masu cutar Parkinson (mai sa karkarwa da sanyin motsi) da makamantansu. Mun taƙaita tambayoyin, likitocin fisiyo da ke koyarwa a wannan fanni suka amsa.

TAMBAYA: Malam, ina aji huɗu, mako mai zuwa za a tura mu ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Na haddace hanyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa da laka, amma ban san abin da zan fara yi ba idan na tsaya a bakin gado. Daga ina ake farawa? (Wata ɗaliba)

AMSA: 'Yata, daga fayil ake farawa. Abu huɗu za ki nema a ciki kafin ki taɓa marar lafiya. Jijiyar jini ce ta toshe, ko fashewa ta yi jini ya zuba a ƙwaƙwalwa? Kwana nawa ke nan da faruwar abin? Wane ɓangare hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ya taɓu? Sannan me likita ya hana: an yarda ya zauna, an gwada haɗiyarsa, akwai iyakar da aka sa wa awon jininsa? Daga nan ki nemi nas ɗin da ke kula da shi ki ji yadda ya kwana. Minti biyu da nas sukan ba ki abin da ba ya cikin fayil.

Ki gaishe shi, ki auna jininsa da bugun zuciyarsa da iskar da ke jininsa, ki rubuta. Sai ki ja da baya ki dube shi na rabin minti. Ina fuskarsa ta karkata? Hannun da ya mutu yana kan matashi, ko ya danne shi a ƙarƙashinsa bai sani ba? Ƙafar ta kwanta ta juye waje? Yawu na zuba ta gefe guda?

Sai hankali da magana. Ma'aunin Glasgow na auna farkawar hankali, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, yana tashi daga maki 3 zuwa 15: buɗe ido 4, magana 5, motsi 6. A nan akwai tarko. Wanda abin ya same shi a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, damansa ce ke mutuwa, kuma sau da yawa harshe na tafiya tare da ita: ko ya gane magana ya kasa mayarwa, ko ya yi ta zuba kalmomi marasa kan gado bai gane taki ba. Makinsa na magana zai faɗi alhali a farke yake sarai. Ɗalibai kan ɗaga masa murya kamar kurma, ba kuwa kurma ba ne. Gajeren umarni guda ɗaya, a nuna masa da hannu, a jira sakan goma kafin a maimaita. Wanda kuma ya same shi a ɓarin dama, hagunsa ce ke mutuwa, kuma yakan manta akwai wani abu wai shi hagu: ba ya waiwayawa can, yakan bugi ƙofa da kafaɗa, wani ma ya musanta hannunsa. Ki ja layi a takarda ki ce ya sa alama a tsakiya. Idan alamar ta gudu dama sosai, kin samu amsa. Ko ki ce ya zana fuskar agogo, ki ga lambobin sun cunkushe gefe ɗaya. Irin wannan ya fi kowa haɗarin faɗuwa, domin shi a ganinsa lafiyarsa ƙalau.

Bayan haka ki gwada taurin tsoka kafin ƙarfinta. Ki lanƙwasa gaɓar ki miƙe ta a hankali tukuna, sannan da sauri, cikin kamar sakan ɗaya. Idan a hankali ta tafi sumul amma da sauri ta cije, ƙagewar tsoka ce irin ta ƙwaƙwalwa, wadda sauri ke tayarwa. Idan a hankali da sauri duk wuri ɗaya take tsayawa ta ƙi wucewa, gaɓar ce ta fara ƙandarewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ma'aunin taurin tsoka na Ashworth, wanda Bohannon da Smith suka gyara a 1987 shi ake rubutawa: 0, 1, 1+, 2, 3, 4. Ƙarfi kuma daga 0, babu ko motsi, zuwa 5, cikakke. 3 shi ne ya iya ɗaga gaɓar ya rinjayi nauyinta amma ba ya jure turi. Sai dai a shanyewar ɓarin jiki wannan ma'auni yana ruɗi, domin tsokoki a dunƙule suke motsi: ki ce ya ɗaga hannu, kafaɗa ta ɗage, gwiwar hannu ta lanƙwashe, duk a tare. Shi ya sa ake koyar da gwajin Fugl-Meyer na auna dawowar motsi bayan shanyewa, mai maki 66 na hannu da 34 na ƙafa.

Kada ki tsallake ji. Ya rufe ido, ki shafa auduga a fata, sannan ki riƙe babban yatsan ƙafarsa ta gefe da gefe, ki ɗaga ko ki sauke, ya faɗa miki ina ya nufa. Wanda bai san inda ƙafarsa take ba, ko ƙarfinsa 4 ne tafiya za ta ba shi wuya.

Na ƙarshe shi ne ainihin aikinmu: me yake iya yi? Juyi a gado, tashi zaune, zama a bakin gado ba jingina, miƙewa, taku. Kowanne ki rubuta mutum nawa suka taimaka, da yawan taimakon. Idan yana tafiya, ki auna mita 10 a ƙasa ki ɗauki lokaci. Ƙasa da mita 0.4 a sakan tafiyar cikin gida ce, tsakanin 0.4 da 0.8 zai ɗan fita. Sama da 0.8 zai iya shiga jama'a. Gwajin Berg na daidaiton tsayuwa abu 14 ne, jimillar maki 56. Ba dole ki gama duk wannan rana ɗaya ba, mutumin da ya kwana uku da wannan ciwo minti ashirin ma gajiyar da shi suke. Abin da malaminki ba zai yafe ba shi ne ki rubuta “yana samun sauƙi” babu lamba ko ɗaya.

TAMBAYA: Ni likitan fisiyo ne, an ɗora mini kula da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki. A takarda suna ci, a bakin gado hannunsu na rawa. Ina nuna musu, su ce sun gane, gobe su yi wani abu dabam. Ta yaya ake koyar da aikin hannu ya zauna? (Wani malamin asibiti)

AMSA: Abokin aiki, “na gane” a bakin ɗalibi yawanci “na gani” yake nufi. Akwai tsari mai mataki huɗu da wani likitan tiyata, Rodney Peyton, ya bayyana a 1998, kuma ya dace da aikinmu. Ka fara yin abin da saurinsa na ainihi ba tare da bayani ba. Ka sake yi a hankali kana faɗin kowane mataki. Na uku, ɗalibi ya riƙa ba ka umarni kai kana aikatawa, kuma abin da ya faɗa kaɗai za ka yi. Na huɗu, shi ya yi yana faɗin abin da yake yi. Na ukun nan shi malamai ke tsallakewa saboda ƙurewar lokaci, a nan kuwa ake kama ɗalibi: idan bai ce a taka birkin keke ba, ka ƙyale keken, ya ga yadda yake zillewa.

Mu ɗauki ɗaga mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa keke, tunda a nan aka fi jin ciwo. Ga wanda yake farawa, keke ya tsaya ta ɓarin da ke da lafiya, a ɗan karkace jikin gado, birki a take, matakan ƙafa a ɗage. A sauke gado har tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa, da takalmi ko ƙafa tsura, ban da safa a kan siminti mai santsi. Ya matso bakin gado. Ƙafafu su koma baya kaɗan da gwiwa. Ɗalibi ya tokare gwiwar da ba ta da ƙarfi da tasa, hannayensa a ƙugu ko a bel ɗin riƙo ko a allon kafaɗa. Ba a sa hannu a hammata, kuma marar lafiya ba ya rataya a wuyan mai ɗaga shi. Ya sunkuyo gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafarsa, a ƙirga, a miƙe, a ɗan tsaya, a juya, ya ji keke ya taɓa bayan ƙafarsa, sannan ya zauna a hankali.

Kurakuran ba su canzawa daga shekara zuwa shekara. Ɗalibi ya ja mutum sama maimakon ya kawo nauyinsa gaba, sai ya ɗauke shi da bayansa, su biyun su wahala. A bar ƙafar da ta mutu can gaba, ko a kife a gefenta, a juya a kanta idon sawu ya gurɗe. A manta da robar fitsari tana maƙale a gado. Ka sa ɗalibai su riƙa faɗin waɗannan da baki kafin kowace ɗagawa har ya zame musu jiki.

Su fara gwadawa a kan junansu, amma ka san iyakar wannan. Ɗalibi mai lafiya ko ya yi kamar hannunsa ya mutu, jikinsa na taimakawa bai sani ba. Nauyin ƙafar da ta saki da cijewar tsokar da ta ƙage ba a jinsu sai a jikin mai su. Don haka a tafi daki-daki, da yardar marar lafiya: ɗalibi ya kalla, ya taimaka, ya yi kana tsaye, sannan ya yi shi kaɗai ya kawo maka rahoto. Ba kwanaki ke ɗaga shi daga wannan mataki zuwa wancan ba, abin da idonka ya gani ne.

Bayan kowane marar lafiya ka yi masa tambaya huɗu: me ka gani, me ya jawo shi, me za ka yi, yaya za ka san ya yi aiki? Ta biyun ce ke raba mai hadda da mai fahimta. Mutum uku suna iya jan ƙafa a ƙasa: ɗaya tsokar ɗaga tafin ƙafa ce ta mutu, ɗaya tsokar sha-raɓa ce ta ƙage, ɗaya gwiwa ce ba ta lanƙwashewa. Tsarin ICF na rarraba aikin jiki da naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001 yana taimaka wa ɗalibi ya haɗa raunin gaɓa da aikin da ya gagara da kuma rayuwar da mutum ke son komawa.

Game da jarrabawa, tsarin zagayen tashoshi (ɗalibi ya bi wurare daki-daki yana nuna aiki ɗaya a kowanne) da Ronald Harden ya fito da shi a Dundee a 1975 yana da kyau, kuma a ra'ayinmu duk wanda ya yi kuskuren da zai kayar da marar lafiya ya faɗi tashar, komai kyawun sauran. Amma tashar minti goma ba ta nuna yadda zai yi da mutumin da ke kuka ya ƙi motsi. Wannan sai ka tsaya a kansa a ɗakin marasa lafiya.

TAMBAYA: Malam, wanda nake kula da shi ya fara kukan kafaɗa mako uku bayan shanyewar, har ba ya yarda a taɓa hannun. Ni na jawo? (Wani ɗalibi)

AMSA: Ɗana, mai yiwuwa kai ne, mai yiwuwa duk wanda ya taɓa jan hannun nan ne tun ranar da aka kwantar da shi. Kan ƙashin damtse ya fi ramin da yake zaune a ciki girma nesa ba kusa ba, tsokoki ne ke riƙe da shi. Idan suka saki, nauyin hannun kaɗai ya isa ya ja ƙashin ƙasa. Ka zaunar da shi hannu a sake, ka laluba ƙasan ƙashin saman kafaɗa, ka kwatanta da ɗaya gefen. Idan yatsanka ya faɗa rami, gaɓar ta sauka. Saukar kanta ba kullum take ciwo ba. Abin da ya fi kawo ciwo shi ne ja da ɗagawa ba bisa ƙa'ida ba.

A jiki mai lafiya, idan hannu ya tashi sama allon kafaɗa na juyawa tare da shi, damtse kuma na murɗawa waje don kan ƙashin ya kauce wa na samansa. A hannun da ya mutu babu mai yin wannan sai kai. Kada ka wuce digiri 90 sai hannunka ɗaya na juya allon kafaɗa, ɗaya kuma ya murɗa damtsen waje. Igiyar nan da ake ratayawa a sama marar lafiya ya ja mataccen hannu da mai lafiyar, a cire ta daga tsarinsa, ita ce ke matse naman kafaɗa tsakanin ƙashi biyu.

Idan yana zaune, hannun ya hau matashi ko tebur. Idan zai kwanta a kan ɓarin da ya mutu, a jawo allon kafaɗa gaba don kada ya danne kan gaɓar. Wajen sa riga, mataccen hannu ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Maratayin hannu na lokacin tsayuwa da tafiya ne muddin tsoka a sake take. A bar shi yini guda, hannu ya ƙandare a lanƙwashe jikin ƙirji. Idan kuma tafin hannun ya kumbura, fatar na sheƙi, da zafi, ko shafa ba ya jurewa, ka sanar da likita a ranar. Sannan ka koya wa mai jinya duk wannan da hannunsa, ka sa ya yi a gabanka, domin kai awa ɗaya kake da hannun, sauran awa 23 yana wurin wasu.

TAMBAYA: A hanyoyin jinyar masu shanyewa, wani malami ya ce Bobath ce hanya, wani ya ce PNF, wani ya ce duk sun tsufa. Wanne za mu riƙe? (Ɗalibai 'yan ajin ƙarshe)

AMSA: Ku san tarihinsu tukuna. Berta Bobath, likitar fisiyo, da mijinta Karel sun gina tasu hanyar a Landan tun shekarun 1940. Herman Kabat da Margaret Knott sun gina PNF, hanyar zaburar da tsoka ta miƙa ta da tura mata, a Amurka a wannan zamanin. A farkon shekarun 1980 Janet Carr da Roberta Shepherd na Ostareliya suka kawo ra'ayin cewa mai shanyewa ɗalibi ne da ke sake koyon motsi, don haka ya yi ta maimaita ainihin aikin da yake son iyawa. Binciken da aka tara tun daga lokacin bai nuna Bobath ta fi sauran ba, hujja kuma ta fi ƙarfi a ɓangaren maimaita aiki. Abin da ya rage mai amfani a tsofaffin hanyoyin shi ne iya riƙo da iya kallon motsi, wannan kuwa ba abin yarwa ba ne. Akwai kuma tsohuwar magana da ya kamata ku ajiye: wai ƙarfafa tsoka na ƙara ƙagewa. Bincike bai goyi bayanta ba, kuma rauni ya fi ƙagewa hana mutum aiki.

Tambayar da ta fi “wace hanya” muhimmanci ita ce “sau nawa”. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna suna ƙirga abin da ake yi a zaman fisiyo a wasu cibiyoyi na Amurka da Kanada. Matsakaicin maimaicin aikin hannu a zama guda 32 ne. A gwajin dabbobi kuwa, inda aka ga ƙwaƙwalwa ta sake tsari, maimaicin ɗaruruwa ne a rana. Ƙa'idar kula da masu shanyewa ta Birtaniya ta 2023 ta nemi aƙalla awa 3 na jinyar motsi a rana, kwana 5 a mako, ga wanda zai iya ɗauka.

To ɗalibi ya koyi ƙirga. Ka zaɓi aiki ɗaya, misali miƙa hannu a ɗauki kofi a ajiye a kan alama. Ka daidaita wahalarsa yadda zai ci nasara a mafi yawan gwaji amma da gumi. Ya yi sauƙi, ka nisanta kofin, ko ka ƙara masa nauyi, ko ka ƙanƙanta shi. Ka riƙa jan layi a takarda duk maimaici. Ka lura da satar hanya: idan gangar jiki ce ke sunkuyawa ta kai hannun maimakon gwiwar hannu ta miƙe, ba hannun ake koya wa ba. Ka riƙa janye hannunka da bakinka sannu a hankali. Ɗalibai na son gyara kowane motsi, wanda kuwa ake gyara wa kullum ba ya koyon gyara kansa.

Hanyar ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta amfani da mai rauni, wadda ta samo asali daga aikin Edward Taub, an gwada ta a binciken EXCITE na 2006 kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da shanyewa: safar ɗauri kashi 90 cikin 100 na lokacin farke, horo har awa 6 a rana, tsawon mako 2. Ta yi aiki, amma ga wanda ke da ɗan motsi, aƙalla digiri 10 na ɗaga wuyan hannu da ɗan buɗe yatsu. Ka ɗaure hannun wanda ɗayan ba ya motsi ko kaɗan, ka hana shi komai ke nan.

TAMBAYA: An koya mana cewa da wuri ake tayar da mai shanyewa daga gado. Ke nan ranar farko? (Wata ɗaliba)

AMSA: Da wuri, amma ba da garaje ba. Binciken AVERT da aka buga a 2015, kan mutum 2,104 a ƙasashe 5, ya kwatanta tayarwa mai yawa cikin awa 24 na farko da kulawar da aka saba. Waɗanda aka matsa wa da wuri sun ɗan fi ƙarancin kyakkyawan sakamako bayan wata 3. Abin da aka ɗauka daga nan shi ne gajeren zama sau da yawa, yawanci daga awa 24 zuwa 48, idan likita ya yarda kuma jiki ya daidaita. Ki auna jini a kwance, ki ɗaga kan gado, ki zaunar da shi a bakin gado, ki sake aunawa. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, ko ya yi jiri, ko gumi ya karyo, ko magana ta ƙara lalacewa, ki mayar da shi kwance ki kira nas. Ki duba sha-raɓa: kumburi da zafi a ƙafa ɗaya na iya zama gudan jini, ba a murza shi. Kuma komai roƙonsa kada ki ba shi ruwa kafin a gwada haɗiyarsa, yana iya wucewa huhu ko tari bai yi ba.

TAMBAYA: Me ya wajaba ɗalibi ya sani kafin a bar shi shi kaɗai da mai raunin laka? (Wata malamar asibiti)

AMSA: Malama, farko ya san ko ƙashin bayan ya daidaita. Idan likitan ƙashi bai sake shi ba, juyi na mutum huɗu ne, jiki a miƙe kamar gungume, wanda ke riƙe da kai shi ke ba da umarni. Sannan ya san matakin raunin da abin da yake nufi. Gwajin ASIA na auna raunin laka yana duba wuraren ji 28 da tsokoki 10 a kowane gefe, ya ba da daraja daga A zuwa E, kuma ji ko motsi a kewayen dubura shi ke raba cikakken rauni da wanda bai cika ba. Tsokokin hannu a jere suke bisa matakan laka (C na wuya, T na ƙirji, ana ƙirgawa daga sama): C5 lanƙwasa gwiwar hannu, C6 ɗaga wuyan hannu, C7 miƙe gwiwar hannu, C8 damƙa yatsu, T1 ware ƙaramin yatsa. Tantanin numfashi kuma daga C3 zuwa C5 yake samun saƙo, shi ya sa raunin wuya ke tafiya da matsalar numfashi da raunin tari.

Abin da zai iya kisa a gaban ɗalibi shi ne hawan jini na farat ɗaya da ke samun masu rauni daga T6 zuwa sama. Wani abu ne ke damun jiki a ƙasan raunin, mutumin ba ya jinsa, jijiyoyin jini su tsuke, saƙon da zai kwantar da su daga ƙwaƙwalwa kuma ya kasa wucewa. Alamunsa: matsanancin ciwon kai, gumi da jan fuska a saman raunin, toshewar hanci, sau da yawa bugun zuciya ya ragu. Jinin irin waɗannan mutane a ƙasa yake zama, lambar sama 90 zuwa 110, don haka ƙarin 20 zuwa 40 ya isa. 140 a wurinsu ba lafiya ba ce. A nan ba a kwantarwa. A zaunar da shi a miƙe, ƙafafu a ƙasa, a sassauta duk abin da ya matse shi, a bi robar fitsari a ga ko ta lanƙwashe ko ta toshe, domin mafitsara ce kan gaba wajen jawo shi, sai cushewar bayan gida. A kira taimako, a riƙa auna jini duk minti 2 zuwa 5. Kishiyarsa shi ne faɗuwar jini idan aka tayar da shi zaune: can kwantarwa ake yi a ɗaga ƙafafu. Ɗalibin da ya rikita biyun nan bai isa a bar shi shi kaɗai ba, kuma a tambaye shi da baki, ba zato.

Sai fata. Juyi duk awa 2 a gado, a karkace kamar digiri 30 don kada ya hau ƙashin kwatangwalo, dunduniya a sama ba ta taɓa katifa. A keke, sauke nauyi duk minti 15 zuwa 30 ta hanyar sunkuyawa gaba ko gefe, a daɗe kamar minti 2. Jan tabon da aka danna bai yi fari ba gyambon kwanciya ne ya fara. Ba a sa ruwan zafi ko fitilar gashi a inda babu ji.

Akwai kuskure ɗaya da kyakkyawar niyya ke jawowa. Mai rauni a C6 ba ya damƙa yatsu, amma idan ya ɗaga wuyan hannu yatsun na rufewa da kansu saboda ɗan gajartar jijiyoyinsu, da haka yake riƙe abu. Ɗalibi mai himma sai ya miƙe yatsun da wuyan hannu a tare yana “hana ƙandarewa”, ya saki jijiyoyin, riƙon ya tafi. Ƙa'idar ita ce: a miƙe yatsu wuyan hannu na sunkuye, a lanƙwasa su yana ɗage. Ko dafa gado zai yi, yatsu a naɗe.

TAMBAYA: Mai cutar Parkinson da nake gani wata rana ya yi tafiya lafiya, wata rana ƙafa ta manne a ƙasa. Na rubuta ya ja baya, malamina ya soke. Me ya sa? (Wani ɗalibi)

AMSA: Malaminka ya yi daidai idan ba ka rubuta ƙarfe nawa ya sha magani ba. Levodopa, maganin cutar, na da lokacin da yake aiki da lokacin da yake sakin mutum, don haka awo biyu ba sa kwatantuwa sai an yi su a tazara ɗaya da shan magani. Horo a yi shi lokacin da maganin ke aiki, amma ka nemi ganinsa sau ɗaya lokacin da ya sake shi, domin a nan yake faɗuwa. Mannewar ƙafa ta fi zuwa a bakin ƙofa, wajen juyawa, da lokacin da yake tafiya yana magana. Kada ka ja shi. Ya tsaya, ya miƙe, ya karkata nauyi zuwa ƙafa ɗaya, sannan ya ɗaga ɗayar da babban taku. Layukan tef a ƙasa da zai riƙa tsallakawa, ko ƙirga “ɗaya, biyu” da murya, sukan buɗe tafiyar, domin motsin da ke zuwa da kansa ne ya lalace, wanda aka sa wa hankali yana nan. Juyawa kuma ya yi ta da faɗi kamar zagaye, ba a kan dunduniya ba.

TAMBAYA: Shin “a matsa, a maimaita” ya shafi mai cutar Guillain-Barré? (Wata ɗaliba)

AMSA: A'a, ba a farkonta ba. Wannan jijiyoyin wajen laka take kamawa, yawanci ta faro daga ƙafa ta hau sama, ta kai ƙarshen tsananinta cikin mako 4, kuma wani kaso na masu ita sai an sa musu na'urar numfashi. Muddin tana hawa, aikinki numfashi ne da kwanciya daidai da motsa gaɓoɓi a hankali. Idan tarinsa ya raunana, ko ya kasa gama jimla da numfashi ɗaya, ko awon iskar da yake fitarwa ya sauka ƙasa da mililita 20 a kowane kilo na nauyinsa, a sanar da likita nan take. Idan ta fara saki, a ƙara aiki kaɗan-kaɗan da hutu a tsakani. Ki auna ƙarfin tsokoki iri ɗaya kowace safiya kafin a fara: idan na yau ya gaza na jiya, ko ciwon tsoka ya kwana, aikin jiya ya yi yawa, ki rage shi har ƙarfin ya dawo.